Yadda ƙarancin fitsari ke fallasa raunin ƙoda kafin gwajin jini

A gidajen Rijiyar Zaki da ke Ƙaramar Hukumar Ungogo, kamar sauran sassan Kano, idan zazzaɓi ya kwantar da mutum, akan tambayi ko ya ci abinci, ko jikin ya yi sanyi. Ba kasafai ake tambayar yaushe rabonsa da fitsari ba, domin kunya takan hana. Alhali amsar wannan tambaya na iya raba majinyaci da injin wankin ƙoda.

Larurar da likitoci ke kira sefsis tana aukuwa ne idan ƙwayar cuta ta kama jiki, garkuwar jiki ta wuce gona da iri wajen yaƙarta har ta shiga lalata sassan jikin kanta. Taifot, ciwon huhu, gyambo da cutar da ke kama mace bayan haihuwa duk suna iya jawo ta. Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2020 ya ƙiyasta cewa ta yi ajalin mutum miliyan 11 a duniya a 2017.

Ƙoda na cikin sassan da ke fara jigata, domin kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke harbawa ta cikinta yake bi. Da zarar bugun jini ya faɗi, kumburi ya taɓa ƙananan hanyoyin jini, sai tacewa ta ragu.

Matsalar ita ce gwajin da aka saba yi, wato na sinadarin kiriyatinin a jini, yana makara. Sinadarin yakan ɗauki kwana ɗaya zuwa biyu kafin ya nuna hauhawa, lokacin da ɓarna ta riga ta yi nisa. Shi ya sa masana ke neman alamomin da ke bayyana cikin sa'o'i, irin su sinadarin NGAL, da gwajin fitsari na NephroCheck da Amurka ta amince da shi a 2014. Sai dai tsada ta sa waɗannan sun fi ƙarfin ƙananan asibitoci.

Akwai ma'aunin da ba ya buƙatar komai sai agogo da mazubi. Ƙa'idar ƙungiyar KDIGO ta 2012 ta ce ƙoda ta samu rauni idan fitsari ya gaza rabin mililita a kan kowane kilo na nauyin mutum cikin sa'a guda, har tsawon sa'o'i shida. Ga mai nauyin kilo 60, wannan na nufin ƙasa da mililita 180 cikin sa'o'i shida, wato bai kai rabin ledar fiya wata ba.

Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi, masu ciwon suga ko hawan jini, da wanda gudawa ta tsiyaye masa ruwan jiki. Magungunan rage raɗaɗi irin su dikilofenak da ibufurofen, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, suna ƙara wa ƙoda nauyi a wannan yanayi, haka ma allurar jentamisin.

Mai zazzaɓin da fitsarinsa ya ragu, numfashinsa ya yi sauri, ko hankalinsa ya fara gushewa, asibiti yake buƙata a ranar. Idan an kai shi da wuri, ƙarin ruwa, maganin kashe ƙwayoyin cuta da dakatar da magungunan da ke cutar da ƙoda sukan dawo da ita aiki. Wanda aka makara da shi kuwa yakan kai ga wankin ƙoda a manyan cibiyoyi irin su Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano.