Ɗan Jarida: Mai Tona Asiri ko Mai Nuna Mafita?

Da yawa daga cikinmu sun gaji da kunna rediyo, domin kullum ba a jin komai sai yaƙi da sata da tsadar abinci. Binciken da cibiyar Reuters ta Jami'ar Oxford ta fitar a 2022 ya nuna cewa kashi 38 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suna ƙaurace wa labarai da gangan, alhali a 2017 kashi 29 ne.

Tun kafin wannan bincike wasu 'yan jarida suka fara neman magani. A Amurka, David Bornstein da Tina Rosenberg da Courtney Martin sun kafa ƙungiyar Solutions Journalism Network a 2013. A ganinsu aikin bin diddigi bai canza ba, sai dai a binciki magani kamar yadda ake bincikar cuta: me aka yi, ina shaidar ya yi aiki, wane darasi ke ciki, kuma ina ya gaza? A Denmak kuwa, Ulrik Haagerup ya kafa Constructive Institute a Jami'ar Aarhus a 2017, kuma almajiransa sun fi ɗaukar ɗan jarida a matsayin mai haɗa masu saɓani su tattauna cikin natsuwa.

Masu suka na cewa wannan salo ƙofar bambaɗanci ce, musamman inda gwamnati ke son a riƙa wasa ta. Amsar masu salon ita ce, maroƙi ba ya faɗin aibin ubangidansa, su kuwa dole ne su faɗa.

Mu ɗauki misalin kurkunu. A 1989 Ghana tana da masu cutar kusan 180,000, amma a 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da ita, ta hanyar tace ruwan sha da ƙyalle, da haƙa rijiyoyin burtsatse, da 'yan sa kai na ƙauyuka masu kai rahoto. Labarin ba zai cika ba sai an ambaci Chadi, inda tun 2012 aka riƙa samun tsutsar a jikin karnuka.

Mu mazauna zango abin ya shafe mu, domin sau da yawa ba a tunawa da unguwanninmu a jarida sai rikici ya tashi. Idan jama'arku sun gyara magudanar ruwa ko sun mayar da yara makaranta, ku gayyaci ɗan jarida, ku nuna masa inda aka dace da inda aka kasa.