Gwangwani ɗaya, tsirkiya ɗaya: yadda Ɗan Maraya Jos ya yi waƙa ba ubangida

Duk wadda ta taɓa bin hanyar Jos daga Kano ta san inda hira ke mutuwa a cikin mota. A wuce Kwanar Ɗangora ana ta surutu, a tsaya Tudun Wada a sayi rake da gasasshiyar masara, amma da zarar an doshi dajin Falgore sai kowa ya yi tsit, ana addu'a a zuci. A wannan hanyar na fara jin Ɗan Maraya Jos tun ina yarinya. Kawuna direban babbar mota ne, shi yake kai mu wurin kakarmu a ƙasar Doguwa idan an yi hutu, kuma kaset ɗinsa ba su wuce uku ba. Idan aka zo kan waƙar karen mota, sai yaron motarsa ya gyara zama yana murmushi, kai ka ce don shi kaɗai aka yi ta.

Sai da na girma na gane abin da ke sa shi murmushin. A ƙasar Hausa makaɗi yana da mai shi. Narambaɗa na Sarkin Gobir na Isa ne. Ɗan Anace na 'yan dambe ne, su Shago. Akwai makaɗan noma, akwai na mahauta, akwai na maharba, kuma mafi yawansu gado suka yi, da 'yan amshi da maroƙa a bayansu. Wa zai ɗauki kayan kiɗa ya wasa yaron da ke canza taya da tura mota idan ta mutu, ya kwana a tasha da baƙin mai a riga?

Wanda ya yi hakan sunansa Adamu Wayya. An haife shi a Bukuru, kusa da Jos, a 1946, zamanin da haƙar kuza ke jan Hausawa daga ko'ina zuwa kan tsaunukan Filato. ('Yan Riruwai ba sai an yi musu bayanin kuza ba.) Mahaifinsa makaɗin Sarkin Hausawan Bukuru ne, ya rasu ba da jimawa ba bayan haihuwar yaron, mahaifiyarsa ma ta bi shi tun yana jariri. Sarkin ne ya riƙe shi. Nan sunan Ɗan Maraya ya samo asali, kuma bai taɓa gudun sunan ba.

Ki lura da wannan, 'yar'uwa: ɗan makaɗin fada ne, a gidan sarki ya tashi. Hanyar zama makaɗin fada a buɗe take gabansa. Bai bi ta ba. A wata tafiya da ya yi zuwa Maiduguri yana matashi ya ga masu kaɗa kuntigi, abin ya shiga ransa, da ya dawo gida ya haɗa nasa.

Kuntigi ba wani abin a zo a gani ba ne. Gwangwanin kifi ne ake rufe bakinsa da fatar akuya, a sa masa ɗan sanda, a ɗaura tsirkiya ɗaya tak. Yaro zai iya ɗaukarsa da hannu guda. Amma a ganina rabin tarihin mutumin nan yana cikin ƙanƙantar abin kiɗan. Mai kalangu ko mai taushi yana tafe da jama'a, kuma jama'a sai an ciyar da su, don haka dole ya nemi mai kuɗi ko mai sarauta ya jingina. Mai kuntigi shi ne mai kiɗa, shi ne mai waƙa, shi ne mai tsara baitocinsa. Inda ya ga dama ya tsaya, abin da ya ga dama ya faɗa. Da gidajen rediyo irin na Kaduna suka fara sa waƙoƙinsa, sannan faifai da kaset suka bazu, sai talakawan da yake yi wa waƙa suka zama su ne iyayen gidansa.

A Amurka akwai irin wannan. Suna da waƙoƙin mutanen karkara, cibiyarsu birnin Nashville, inda mutum ɗaya zai rungumi jita ya yi waƙar direban babbar mota, ko manomin da bashi ya ci gonarsa, ko auren da ya mutu. Iyayenmu da suka saurari Jim Reeves da Don Williams sun san salon. Ɗan Maraya bai ari komai daga wurinsu ba, amma mutanen da yake kallo su ne irin waɗanda suke kallo.

Inda ya fi shiga gidajenmu shi ne maganar aure. A waƙar Auren Dole ya fito fili ya soki iyayen da ke aurar da yarinya ga wanda ba ta so. Ki tuna lokacin da aka yi ta. Yarinya ba ta isa ta ɗaga ido ta musa wa mahaifinta ba, uwa ma sau da yawa sai dai ta shiga ɗaki ta share hawaye. Ga shi maganar da ta gagari uwa da 'ya tana fitowa daga rediyon da maigida ya kunna da hannunsa, yana zaune a kan tabarma, ba damar ya ce an yi masa rashin kunya. Makaɗin da ke jiran kyautar riga da doki daga manyan gari zai yi tunani sau biyu kafin ya taɓa wannan batu.

Mu ma mata bai ƙyale mu ba. Gulma-Wuya hoton matar nan ce da ke yawo gida-gida da gutsiri-tsoma, da boka a gefe, har sai ta ga aure ya watse. Kowace unguwa tana da tata, kuma har yau ban ga wadda ta yarda cewa ita ce ba. A Jawabin Aure kuma ya zaunar da miji da mata ya nuna musu abin da saki ke jawowa, ya ce a yi haƙuri a gyara.

Ba zan ce bai taɓa yi wa manya waƙa ba. Ya yi. Lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, ya yi wa sojojin tarayya waƙoƙi na ƙarfafa gwiwa, daga baya ma ya hau dandamalin gwamnatoci iri-iri. Ya samu lambar girmamawa ta ƙasa, Jami'ar Jos ta ba shi digirin girmamawa, ya kai kuntiginsa ƙasashen waje. Bambancin shi ne zuwa yake yi ya dawo. Ba a san shi da sunan wani sarki ko attajiri ba, da sunan garinsu aka san shi.

Abin da ya sa na tono wannan tarihi shi ne wata maƙwabciyata a Bebeji da ta zo mini rai a ɓace. Ta kama ɗanta yana rera waƙa yana ɗauka a waya, ta ce ita ba ta haifi maroƙi ba. Na fahimce ta sarai, domin mun ga yadda ake ɗaukar yaro mai murya a sa shi zagin abokin hamayyar wani, a sallame shi da babur, zaɓe ya wuce a manta da shi, gabar da ya ɗauko kuwa ta bi shi har gida. Sai na tambaye ta: me yake faɗa a cikin waƙar? Ta yi shiru. Ba ta saurara ba.

Muka kira yaron, da ƙyar ya yarda ya kunna mana. Waƙar masu kamun kifi ce a madatsar ruwa ta Tiga, yadda suke fita da asuba cikin sanyi, su dawo wani lokaci ba ko na miya. Muryar ba ta gama nuna ba, amshin ma ya yi tsawo. Uwar ta saurara har ƙarshe, ta ce masa ya tashi ya je ya ɗebo ruwa. Wayar dai ba ta karɓe ba.

Ɗan Maraya ya rasu a Jos ranar 20 ga Yuni, 2015. Yaron motar kawuna yanzu shi ma direba ne, yana da jikoki, kuma waƙar karen mota tana cikin wayarsa.