Inda Mai Ke Ɗiga Ba Nan Ya Fito Ba

A garejojin karkarar Amurka, daga Texas har Montana, akwai wata matsala da ta sha cinye kuɗin masu a-kori-kura ƙirar Ford F-250 da F-350, musamman na 1999 zuwa 2003 masu injin dizal na lita 7.3 da ake kira Power Stroke. Inji ne mai silinda takwas da kamfanin Navistar ya ƙera wa Ford, kuma manoma da makiyaya sun amince da shi saboda juriyarsa. Matsalar a ido ba ta taka kara ta karya ba: a ajiye mota da dare, da safe a tarar baƙin mai ya ɗiga a ƙasa, daidai inda inji ya haɗu da akwatin giya.

Bari mu bi sawun irin wannan mota. Mai ita ya kai ta gareji, ya nuna wurin ɗigon, ya kuma faɗi wata magana da ba a cika saurara ba. Ya ce ranar da ya yi yawon cikin gari ba kaya, ɗigon bai kai a damu ba, amma ranar da ya ja tirelar shanu ya hau tudu, ƙarƙashin motar sai ya yi dumu-dumu.

Wanda ake fara zargi sananne ne: sil ɗin bayan inji, wato zoben da ke tare mai a ƙarshen karanshaf. A nan yake zaune, a nan kuma mai ke ɗiga. Canza shi ba ƙaramin aiki ba ne, don sai an sauke akwatin giya gaba ɗaya. Mutane da yawa sun biya kuɗin wannan aiki, sun koma gida, suka ga tsugune ba ta ƙare ba.

Bakaniken da ya san injin ba ya gaggawar ɗaukar sifana. Sai ya shiga ƙarƙashin mota ya kwance ɗan murfin da ke ƙasan fulawil, ya haska tocila. Da sil ɗin ne ke yoyo, da fulawil ya watsa mai ko'ina a ciki yayin da yake juyawa. Sai ga shi cikin a bushe. Man da ke waje kuwa ya bar zane a jikin inji, kuma zanen daga sama ya gangaro. Duk wanda ya kwana a ɗakin da ke yoyo ya san ba lallai inda ruwa ke ɗiga ne rufi ya huje ba.

To, mene ne a sama? Silinda takwas ɗin nan an jera su huɗu dama huɗu hagu, a karkace, tsakaninsu akwai kwari. A ƙarshen kwarin ta baya akwai rami da aka yi don duk abin da ya taru ya tsiyaye, kuma yana zubarwa ne a bayan inji, kusa da wurin da aka zargi sil. Da aka buɗe bonet aka haska kwarin, sai ga wani abu mai ƙyalli ya kwanta a ciki.

Sai dai an samo hanyar ne, ba a samo mafarin ba, don abubuwa uku a wannan kwari suna iya yoyo. Na farko kwanon tace dizal, wanda robobin bawul ɗinsa na zubar da ruwa kan tsufa su saki. Bakanike ya dangwala yatsa ya shinshina. Dizal yana da warinsa, kuma tsinkakke ne. Wannan baƙi ne mai kauri. An wanke dizal daga zargi.

Na biyu gindin turbo, wanda ke zaune a bayan kwarin, da zobban roba da ke tare man da ke shiga da fita. Na uku famfon matsa mai da ke gaban kwarin, tare da tiyo biyu da suka fito daga jikinsa, ɗaya ya nufi kan silindar dama, ɗaya na hagu. Don a raba gardama, aka wanke kwarin tas, aka busar, aka tayar da inji aka bar shi yana aiki a tsaye. Rabin awa, ko ɗigo babu.

A nan ne maganar mai motar ta yi rana. Man da ke zuwa turbo man shafe inji ne na yau da kullum, matsinsa bai kai 100 ba a ma'aunin matsi na psi, kuma da robobin gindin ne suka mutu, da an ga danshi ko motar tana tsaye. Abin da ake nema shi ne wurin da ke yoyo idan an ɗora wa inji nauyi kaɗai. A wannan inji, wuri ɗaya ne matsin mai ke tashi da sauka sosai gwargwadon nauyi.

Dalilin yana cikin ƙirar nozul ɗinsa, wato abin da ke fesa dizal cikin silinda. Injin yana amfani da tsarin HEUI, wanda Caterpillar da Navistar suka samar, Ford kuma ta fara sa shi a motocinta a 1994. A tsarin nan baƙin mai aiki biyu yake yi. Bayan shafe inji, wani kaso nasa yana shiga famfo na musamman da ke matsa shi daga wajen psi 500 idan inji na tsaye zuwa kusan psi 3,000 idan ana hawan tudu da kaya. Tiyo biyun nan su ke kai shi kan silinda. A cikin kowane nozul, man yana danna wani ɗan fistin da faɗin kansa ya ninka na gindinsa sau bakwai, sai matsin dizal ya haura zuwa kusan psi 21,000 ya feshe cikin silinda. Kwamfutar motar ce ke ƙara matsin ko rage shi ta wani bawul da ke jikin famfon.

Aka fita da motar aka hau tudu, aka taka totur sosai, aka dawo aka sake haskawa. Gindin turbo a bushe. Jikin famfo a bushe. Amma ɗaya daga cikin tiyo biyun ya jiƙe daidai inda aka matse bakin ƙarfe a jikinsa, man ya bi saƙar wayar da ke lulluɓe da shi ya sauka kwari. A matsin psi 500 tsohon tiyon yana daurewa, idan matsin ya ninka sau biyar ko shida sai ya saki. Man da aka gani a bayan inji daga gabansa ya taso.

Yanzu tambaya ta rage: a canza wanda ya jiƙe kaɗai, ko duka biyun? Kuma wanda motarsa ba ta fara yoyo ba, ya jira ne?

Ba kowane abu a mota ya cancanci a canza shi tun bai lalace ba. Abin da ke ba da sanarwa a hankali, kuma mutuwarsa ba ta jefa kowa cikin haɗari, a iya jira. Tiyon nan ba ya cikin wannan sahu. Ba kullum yake yin ɗigo kafin ya fashe ba, idan kuma ya fashe, famfo zai riƙa feso mai a kan inji mai zafi, daga cikin wajen lita 14 da injin ke ɗauka. Matsi na faɗuwa nozul ya daina feshi, inji ya mutu nan take, domin ko tayar da shi ba ya yiwuwa sai matsin ya kai wajen psi 500. Inji na mutuwa sitiyari da birki su yi tauri. Lokacin da ya fi yiwuwa hakan ta faru kuwa shi ne lokacin da matsin ya fi yawa, wato kan tudu, da tirela a baya. Ƙaramar cikin motocin nan ta haura shekara ashirin, kuma tiyon dama da na hagu zafi ɗaya da jijjiga ɗaya suka sha. Wanda ya canza ɗaya ya bar ɗaya, rabin aiki ya yi.

Aikin kansa ba ya buƙatar sauke komai mai nauyi, amma yana son natsuwa. A bar inji ya huce, a wanke wurin kafin a kwance, don ƙwayar yashi ɗaya tana iya lalata nozul. A motocin 1999 zuwa 2003 bakin tiyon ƙullewa yake yi idan an tura shi, kuma akwai ɗan siririn ƙarfe da aka yi don sakin sa. Ba a fizge shi da ƙarfi. A canza zobban robar mahaɗan da ke jikin famfo da kan silinda a lokaci guda. Jikin famfon alminiyom ne, ɗaurin wuce kima yana cinye zarensa. A sa tiyon da aka ƙera don wannan matsi, a kuma tabbatar ba ya gugar komai. Kada a taɓa laluben yoyo da hannu inji na aiki, domin mai a irin wannan matsi yana huda fata ya shige nama. Bayan an gama, inji zai ɗan jima kafin ya tashi, ya kuma yi gargada har iskar da ta shiga ta fita. Wannan ba laifi ba ne.

Duk mai irin wannan mota da bai san ranar da aka canza tiyon nan ba, ya ɗauka na asali ne, ya sa canjinsu cikin aikin gaba tare da juyen mai. Wanda kuma aka ce masa a sauke akwatin giya saboda ɗigon baya, ya nemi a fara haska masa kwarin inji, ya kuma faɗa wa bakanike a wane irin aiki ɗigon ya fi yawa. Tocila da wannan bayani sun isa su raba shi da asarar da wasu suka yi kafin shi.