Wayar Da Ke Tauye Lantarki, Da Yadda A Ke Gyara Ta

Yara, ko kun taɓa leƙa cikin tsohuwar rediyo sa'ad da mai gyara ya buɗe bayanta? In kun taɓa, lalle kun ga waɗansu 'yan ƙananan abubuwa a jere, waɗansu kamar ƙwayar gyaɗa, waɗansu kamar guntun kara. Da yawa daga cikinsu sunansu rizista. Aikin rizista shi ne ta tauye lantarki, kada ya wuce da yawa.

Ku tuna da mai lambu. In yana so ruwa kaɗan ya shiga fangali, sai ya rage bakin hanyar ruwan. To, haka lantarki ya ke a cikin waya. Waya mai kauri tana barinsa ya wuce a sauƙaƙe, siririya kuwa tana matse shi. Har wa yau, doguwar waya ta fi gajera wahalar da shi. Wannan hanawa da waya ke yi ita a ke kira turjiya. Ana auna ta da wani awo wai shi om, don tunawa da Georg Ohm, wani malami Bajamushe wanda ya bayyana ƙa'idarta a shekarar 1827.

Akwai rizista iri iri. Wadda za mu yi magana a kanta ita ce ta naɗi. Yadda masaƙi ke naɗa zare a kwarkwaro, haka a ke samun siririyar waya a naɗa ta a jikin ɗan tangaran, a shafe ta da wani abu mai kama da ƙaro don ya kare ta. Irin wannan a kan sa a cikin ma'aunan lantarki, inda ba a son kuskure ko kaɗan.

Ba da kowace waya a ke yin ta ba. Jan ƙarfe zalla bai dace ba, domin da ya ji zafi sai turjiyarsa ta ƙaru. In zafi ya hau da digiri ɗaya tak, ta kan ƙaru da wajen kashi 4 cikin 1,000. Saboda haka a ƙarshen ƙarni na 19 masana suka narka jan ƙarfe tare da waɗansu ƙarafa biyu, manganis da nikel, suka sami wani gami da a ke kira manganin. Shi wannan, ko ɗaki ya ɗan yi zafi ko ya ɗan yi sanyi, turjiyarsa ba ta cika motsawa ba.

Amma duk da haka, yau da gobe ba ta bar kome ba. Rizistar da aka yi ta om 1,000 daidai, bayan shekaru sai a tarar ta zama 1,002, ko kuwa 998. Me ya kawo haka? Na farko, sa'ad da a ke naɗin an ja wayar an lanƙwasa ta, sai ta yi ta saki a hankali shekara da shekaru. Na biyu, laima. Da damina abin da aka shafa mata ya kan sha danshi ya kumbura ya miƙe wayar, da rani kuma ya bushe ya tsuke. Na uku, in an tura mata lantarki fiye da kima sai ta yi zafi ainun, halinta ya sake. Na huɗu, tsatsa da dauɗa su kan kama wurin da aka haɗa ta da sauran wayoyi.

Watakila wani zai ce, ina abin damuwa a kan om biyu? To, ku dubi mudu a kasuwa. In bakinsa ya ɗan lotsa, ko da mai awo mutumin kirki ne, duk wanda ya sayi hatsi a ranar an rage masa. Haka ma'auni mai karkatacciyar rizista ya ke. Zai yi ta faɗin abin da ba daidai ba, a yi ta gyara waɗansu na'urori bisa maganarsa, kuskure ɗaya ya haifi ɗari.

Ga yadda gwani ke gyara ta. Ba ya fara taɓa wayar. Sai ya goge mahaɗanta tas, ya busar da ita, domin sau da yawa laifin a nan ya ke. Sa'an nan ya gwada ta da wata rizista amintacciya wadda aka san gaskiyarta. Na'urar gwajin ana kiranta gadar Wheatstone. Wani Bature na Ingila, Samuel Christie, shi ya ƙago ta a 1833, Charles Wheatstone kuma ya yaɗa ta a 1843. Aikinta kamar na sikeli mai kwano biyu ne. In gefen nan ya yi daidai da wancan, sai allurarta ta tsaya cik a tsakiya.

In ya ga turjiyar ta yi yawa, sai ya rage tsawon wayar. Bari mu yi lissafi. A ce kowace mita ɗaya ta wayar tana da om 10. Rizistar kuwa ta wuce da om 2. Ashe abin da zai yanke kashi ɗaya ne cikin biyar na mita, watau santimita 20. Sai ya warware wannan ɗan tsawo, ya yanke, ya sāke liƙe bakin da kyau. In kuwa turjiyar ta gaza, sai ya ƙara mata ɗan guntun waya irin tata, ko kuwa ya kankare gefen wayar kaɗan don ta ƙara sirancewa. A nan a ke gane mai haƙuri. Ya kankara kaɗan, ya auna, ya kuma kankara, ya auna, gama abin da aka kankare ba ya komawa.

Ko ya gama, ba ya ɗokin mayar da ita. Zafin liƙi da taɓawar hannu sun dame ta, sai ta huta. Ya kan ɗumama ta a hankali, ya shafe ta don laima, ya ajiye ta kwana da kwanaki, sa'an nan ya kuma aunawa. In ta tsaya inda ya bar ta, sai ya rubuta awonta da ranar da aka yi gwajin.

To, ita amintacciyar fa, wa ke gwada ta? Ƙasashe suna da gidajen awo inda a ke ajiye manyan rizistoci, waɗansu a nutse cikin mai don zafinsu ya zauna wuri ɗaya. Su waɗannan ba a cika taɓa su ba, sai dai a riƙa rubuta yadda su ke sauyawa. A 1980 wani Bajamushe, Klaus von Klitzing, ya gano wata turjiya a cikin halitta wadda ba ta tsufa, kuma tun daga 1990 da ita a ke gwada su.

Kun ga ashe har ma'auni ma yana bukatar a auna shi. Saboda haka in kun girma, aka ba ku amanar mudu ko sikeli ko wata na'ura, ku riƙa dubawa ko tana nan a kan gaskiyarta. Hausawa sun ce, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.