Itace Goma da Suka Rayu Sun Fi Dubu da Aka Dasa

Tun 1975 Nijar ta mai da ranar 3 ga Agusta, wato ranar samun 'yancin kai, ta zama ranar dashen itatuwa. Kowace shekara ana raba 'ya'yan itace a cikin leda, ana haƙa ramuka a makarantu da bakin hanya. Amma wanda ya zaga wuraren nan a watan Afrilu, lokacin da bazara ta yi tsanani, sau da yawa busasshen kara kawai zai tarar a cikin ramin. A Korgom, a kudancin gundumar Tasawa, gonaki jigawa ce mai saurin shanye ruwa, damina wata uku ce zuwa huɗu, sauran shekara kuma rani ne. Arewa wajen Mayahi ruwan ya fi haka ƙaranci. A irin wannan ƙasa, rayuwar itace ta rataya ne a kan watannin renonsa a gida da kuma rani biyun farko bayan an dasa shi. Wannan aiki ne da kowane gida zai iya, muddin bai ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa ba.

Jihar Maradi ta riga ta biya kuɗin wannan darasi. Bayan farin shekarun 1970, an kashe dukiya mai yawa wajen renon itatuwa da dasa su, mafi yawansu kuma suka mutu. Tony Rinaudo, wani masanin noma ɗan Ostireliya da ya zo aiki Maradi da ƙungiyar SIM, yana cikin waɗanda suka sha wannan wahala. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manoma ke sarewa a gona rassa ne na kututturan da saiwarsu ke raye a ƙarƙashin ƙasa. Daga nan aka fara sassaben zamani: a zaɓi reshe ɗaya ko 'yan kaɗan masu ƙarfi, a sassabe sauran, a bar su su tashi. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya itatuwa kimanin miliyan 200 suka dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a Nijar. Dalilin nasarar a fili yake. Kututture yana da tsohuwar saiwa da ta kai ga laima, shi kuwa ɗan itacen leda saiwarsa ba ta wuce taƙi guda ba. Saboda haka duk dabarar reno a kan saiwa take.

Mai farawa ya soma da ƙasar da zai cika ledar. A gauraya rairayi da ruɓaɓɓen taki wanda ya daɗe ya huce, domin ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kuma jawo gara. A huda gindin ledar don ruwa ya riƙa fita. Sai iri. Zogale ba ya ba da wahala, cikin mako biyu ya tsiro. Kuka da gawo da bagaruwa kuwa ɓawonsu tauri gare shi, sai an ɗan kankare gefen ƙwayar ko an jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana kafin ruwa ya shige ta. Wajen ban ruwa ne sabon mai reno ya fi yin ɓarna, kuma ƙauna ce ke sa shi. Saiwa tana shaƙar iska, in ƙasa ta zama caɓi sai ta shaƙe, wata cuta ta kama karan daidai bakin ƙasa, da safe a ga tsiron ya kwanta alhali ganyensa shar. Yayyafi kaɗan safe da yamma ya isa. Kafin a ƙara, a tura yatsa cikin ƙasar, in da danshi a dakata.

Haske ma haka yake. Sabon tsiro yana son inuwar zana ko rumfar kara a kwanakin farko, amma wanda aka bari a cikin ɗaki ko ƙarƙashin inuwa mai duhu zai yi tsawo siriri, ya koɗe, iskar farko ta karya shi. Don haka ana janye inuwar a hankali, a kuma rage ruwan a makonnin ƙarshe, har ya saba da ranar da zai tarar a gona. Yaron da aka goya har ya girma ba ya iya tafiyar nesa. Ana kuma ɗaga ledojin lokaci-lokaci a sauya musu wuri, don kada saiwa ta ɓulla ta shige ƙasa ta tsinke ranar ɗauka. Gawo musamman, mai doguwar saiwa, ba ya son daɗewa a leda, saiwarsa nannaɗewa take yi.

Ranar dashe, sai damina ta zauna ƙasa ta sha ruwa sosai. A yage ledar a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba, a bar ɗan kwari a gindin don ya tare ruwa, a kewaye shi da ƙaya ko kara tun a ranar. Wanda aka dasa a watan Yuli yana samun makonnin ruwa fiye da wanda aka dasa a ƙarshen Agusta, kuma waɗannan makonni su ne guzurinsa na rani.

Wani zai ce, tun da sassaben zamani kyauta ne kuma ya yi nasara, me ya sa za a wahala da leda? Gaskiya ne a gonar gero babu abin da ya fi shi, kuma shi ya kamata a sa gaba. Sai dai kututture abin da ke wurin dā kawai yake maidowa: kalgo, sabara, gawo, aduwa. Ba ya haifar da mangwaro ko lemu ko zogalen da mata ke yin kwaɗo da shi su kuma kai kasuwa. Inda kuka ta ƙare a gari, sai an rene ta kafin ta dawo. Hanyoyin biyu kowace da wurinta, ɗaya a gona, ɗaya a gida da lambu.

Hujja ta biyu ta masu shakkar reno ta fi nauyi: ruwa da awaki. Matan da ke jan guga a rijiya mai zurfi ba za a ɗora musu shayar da ɗaruruwan itatuwa ba. Shi ya sa yawan ya zama kaɗan. Ledoji goma ruwan alwala da na wankin hatsi yana riƙe su, in dai babu sabulu a ciki. Awaki kuwa, har da jar akuyar Maradi da ake taƙama da ita, da zarar an kwashe amfanin gona aka sake su, babu ɗanyen ganyen da suke bari. Shingen mutum ɗaya ba ya isa sai gari ya yarda. A Ɗan Saga, cikin gundumar Agye, mutanen gari sun kafa kwamitin tsaron itatuwa da ya haɗa maza da mata da makiyaya, suka yi dokarsu da tararsu. Garuruwan Korgom suna da masu gari da limamai da ƙungiyoyin mata da za su iya irin wannan shawara.

Mafi yawan itatuwan nan suna bukatar wata uku zuwa huɗu a leda, don haka mai son dashe da damina ya shuka irinsa a Maris ko Afrilu. Kafin ya shuka, ya san inda ruwan zai fito, ya tanadi ƙayar shinge, ya kuma san wanda zai shayar da su ranar da shi ya tafi cin rani.