Tsutsar Kabeji Mai Gādon Tauri

Masu lambun kabeji sun san wata 'yar tsutsa koriya, wadda ba ta kai rabin inci ba, mai cin ganye ta ƙarƙashi ta bar shi kamar rariya. In an taɓa ta sai ta yi mutsu-mutsu da baya, ta sauko bisa zare kamar gizo-gizo. Uwarta wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka, mai fita da magariba.

Sau da yawa manomi yakan fesa maganin da ya yi masa aiki bara, bana ya ga tsutsa ko gezau. Sai ya tasam ma mai kanti, wai jabu ya sayar masa. Jabu kam akwai shi a kasuwa, amma ba kullum laifin ɗan kasuwa ba ne.

Wannan tsutsa ta daɗe da yin suna. A 1953 aka ba da labari daga tsibirin Jawa na ƙasar Indunisiya cewa DDT ya daina kashe ta. A 1990 masana a Hawayi ta Amurka suka tarar ta gagari Bt, watau maganin da ake samu daga wata ƙwayar cuta, kuma ita ce ƙwaro na farko da ya yi haka a gona. Wani sabon magani na jinsin dayamaid ya fito a 2007, amma bai yi shekara 3 ba ta fi ƙarfinsa a ƙasar Tailan.

To, ba sabawa take yi da magani ba, yadda mutane ke zato. Gādo ne. Cikin dubbai akan sami 'yan kaɗan da aka halitta da tauri tun ba su taɓa shaƙar magani ba. Feshi ya share sauran, su suka saura, su za su hayayyafa. Mace guda takan yi ƙwai fiye da 100, kuma a ƙasa mai zafi cikin mako 2 ko 3 ƙwan ya zama uwa. Ashe kafin a sare kabeji jikokin waɗanda suka tsira ne ke cin sa.

Masana sun haɗa mai tauri da marar tauri aure don su ga yadda abin ke bin jini. Game da Bt da dayamaid sun tarar yana tafiya kamar amosanin jini ga ɗan Adam. Sai tsutsa ta gāda daga uwa da uba duka biyu sa'an nan taurin ya bayyana sosai. Wadda ta gāda ta gefe guda magani na kashe ta, amma in ta kuɓuta tana ɗauke da abin a ɓoye. Irin waɗannan biyu in sun haɗu, ɗaya cikin 4 na 'ya'yansu zai fito da cikakken tauri.

Nan ne tsimin magani ke cutar manomi. Wanda ya tsinka shi da ruwa fiye da ƙa'ida, masu rabin gādon nan yake bari da rai, watau shi ya ɗaura musu aure. Mai feshi kowane kwana 3 da magani iri guda kuwa ya ƙarar da marasa tauri waɗanda za su surka jinin, ya kuma kashe ƙananan zanzaro da gizo-gizo masu cin tsutsar kyauta.

Sāke suna ba sāke magani ba ne. Sifametirin da lamda duk gida ɗaya suke, tsutsar da ta gagari wannan yawanci ta gagari wancan. Wasu kwalabe na ɗauke da lambar gidan magani, kamar 3 ko 6 ko 28. Manomi ya riƙe lamba guda kamar wata ɗaya, sa'an nan ya koma wata. Kafin ya ɗauki famfo ya juya ganye ya duba, musamman da rani, domin ruwan sama kan kashe ƙananan tsutsotsi da yawa. In an sare kabeji a tumɓuke kututture a binne, maƙwabta kuma su yi shawara su hutar da fadamar 'yan makonni ba kabeji ko ɗaya.