Labarin Bankomaisin Da Ciwon Hanyoyin Matsarmama Na Yara

Bayan haka, ga bayani a kan wani ciwo mai jinkirin tafiya da ke kama yara a hanta, da wani magani wanda likitoci suka yi shekara fiye da ashirin suna saɓani a kansa.

Hanta tana fid da wani ruwa mai ɗaci, watau matsarmama, wajen rabin lita ko fiye kowace rana ga baligi. Ruwan yana bin ƙananan hanyoyi kamar na ban ruwa a lambu, su haɗu su zama babbar hanya wadda ke zuba cikin hanji. Shi ke narkar da maiƙon abinci, shi kuma ke ba bayan gida launinsa. To, akwai ciwon da ke kumbura waɗannan hanyoyi, kumburin ya bar tabo, tabon ya ƙeƙashe, hanya ta tsuke. Likitoci suna taƙaita sunansa da haruffa uku, PSC. Idan ruwan ya rasa mafita sai ya koma ya ci hanta. Yaro ya riƙa kasala da ƙaiƙayi, idonsa ya yi shawara, wani kuwa ba a gane kome gare shi sai an auna jini. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum, kuma ba shi da yawa. An fi ganinsa a arewacin Turai da Amurka. Galibin masu shi suna da wani ciwon tare da shi, na kumburin babban hanji mai sa zawo da jini. Idan hanta ta lalace sarai, babu abin yi sai dashen wata.

Shi kuwa maganin, asalinsa turɓaya ne. Wani ɗan mishan ya aika da ƙasa daga dajin tsibirin Borniyo zuwa kamfanin Eli Lilly na Amurka, inda masani Edmund Kornfeld ya sami wata ƙwayar halitta a cikinta mai kashe waɗansu ƙwayoyin cuta. Aka tace abin da take fitarwa, aka sa masa suna bankomaisin, hukumar Amurka ta yarda da shi cikin 1958. Da fari ba ya tatuwa sosai, har ana yi masa laƙabi da taɓon kogin Misisifi. Yana da wata ɗabi'a ta daban. In an ba shi ta jijiya yana zaga jiki, amma in an sha ta baki kusan duk a hanji yake tsayawa, ba ya shiga jini. Saboda haka ake ba da shi ga wani mugun zawo da wata ƙwayar cuta ta hanji ke kawowa.

Ta wannan ƙofa ya shiga zancen hanta. Likita Kenneth Cox, na Kalifoniya, ya ba wani yaro mai ciwon PSC bankomaisin saboda zawon nan, sai ya ga awon jinin hantar yaron ya gyaru, alhali ba ita aka nufa ba. Cikin 1998 ya buga labarin yara 3 da aka yi wa haka. Cikin 2008 shi da abokan aikinsa na Jami'ar Stanford suka buga na yara 14: duka awonsu ya yi sauƙi, amma waɗanda hantarsu ta riga ta ƙeƙashe sauƙinsu bai kai na sauran ba. Dalilin da ake zato shi ne, jinin hanji yana bi ta hanta kafin ya koma zuciya, yana ɗauke da dattin ƙwayoyin da ke zaune a hanji. In dattin nan ne ke tunzura garkuwar jiki ta auka wa hanyoyin matsarmama, to rage ƙwayoyin zai kwantar da fitinar. Iyaye da suka yanke ƙauna suka ji labari, suka riƙa neman a ba 'ya'yansu.

Amma malamai sun san shaidar mutum ɗaya, ko adali ne, ba ta kai tawaturi ba. Cikin 2021 Likita Mark Deneau na Jami'ar Utah da likitocin asibitoci masu yawa suka bi takardun yara 264, suka kasa su kashi uku, 88 kowane kashi, masu kama da juna wajen tsananin ciwo. Kashi ɗaya ya sha bankomaisin, na biyu ya sha wani maganin matsarmama da aka daɗe ana bayarwa, na uku ba a ba shi kome ba sai lura. Bayan shekara guda ba a ga kashin da ya fi wani ba, domin har cikin waɗanda ba su sha kome ba an sami masu sauƙi. Masu goyon bayan maganin suka amsa da cewa yaran ba awo ɗaya aka ba su ba, ba kuma tsawon lokaci ɗaya suka sha ba. Cikin 2022 ƙungiyar likitocin hanta ta Amurka ta ce hujjar da ke hannu ba ta isa a umarci kowa da shansa ba.

Abin da ya sa ake taka-tsantsan biyu ne. Na farko, kyan awon jini ba shi ne warkewar tabo ba, kamar yadda kyan bakin buhu ba ya nuna abin da ke gindinsa. Na biyu, bankomaisin yana cikin magungunan da asibitoci ke ajiyewa don ranar da sauran suka kāsa, kuma tun 1986 aka sami ƙwayoyin hanji a Ingila da Faransa waɗanda ba ya kashewa. Shan irinsa shekara da shekaru ba ƙaramar shawara ba ce, sai a hannun likitan da ke auna yaron a kai a kai.

Akwai fa'ida a nan ga mai sayar da magani da wanda ake kai wa yara neman taimako. Shawara alama ce, ba ciwo ɗaya ba. A ƙasar Hausa ta fi zuwa daga zazzaɓin cizon sauro, ko amosanin jini, ko ciwon hanta mai yaɗuwa, kuma kafso ba ya maganin ko ɗaya cikinsu. Jariri kuwa da shawararsa ta wuce mako biyu, bayan gidansa ya yi fari kamar alli, fitsarinsa ya yi duhu, mai yiwuwa da toshewar hanyar matsarmama aka haife shi. Aikinsa fiɗa ce, irin wadda Likita Morio Kasai na Japan ya bayyana cikin 1959, kuma ta fi cin nasara kafin jariri ya cika kwana 60. Kowace rana da aka ɓata ana gwada na kasuwa, daga cikin sittin ɗin nan aka cire ta.